Ƴan Kunnen Inna

Mai aikin rediyo da kunnensa yake cin abinci. Mutane sun ɗauka da baki muke ci, tunda muryarmu suke ji, amma duk wanda ya taɓa zama a sutudiyo ya san cewa idan ba ka jin kanka, ba za ka san lokacin da muryarka ta yi sama ko ta yi ƙasa ba. Ba za ka ji mai kira daga ƙauye da layinsa ke yankewa ba, ba kuma za ka ji mai kula da na'ura yana raɗa maka cewa saura minti ɗaya ba. Shi ya sa ranar da na ɗora abin sauraro a kaina, ina shirin buɗe shirin safe a Maraɗi, na ji ɓangaren hagu kamar an cusa mini auduga, sai na ɗora wa na'ura laifi. Na ce a canza mini wani, aka canza. Na juya shi, na dama ya koma hagu, duk ɗaya. Abokin aikina ya karɓa ya saka a kansa, ya ce lafiyarsa lau.

Wata biyu na yi ina ja da gaskiya. Na ce mura ce, na ce ƙurar hunturu ce, na ɗiga duk man da aka ce in ɗiga. Daga baya wata ƙara ta zo ta zauna a kunnen, siririya, irin wadda akwatin rediyo ke yi idan allura ta tsaya tsakanin tasha biyu. A nan ne tsoro ya kai ni wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Bayan gwajin ji, ya nuna mini takarda mai layi biyu, na dama yana sama, na hagu ya gangaro. Ya ce idan kunne ɗaya ya ja baya shi kaɗai, ga kuma ƙara, sukan so su leƙa jijiyar da ke kai sauti zuwa ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci ɗan tsiro kan fito a kanta. Ya ce yawanci irin wannan tsiron ba na daji ba ne, kuma galibin waɗanda ake dubawa ba a samunsa a jikinsu, amma gara a gani da wuri. Ya rubuta haruffa uku, IRM, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya da Gana ke kira MRI. Ya ce in shirya tafiya Yamai.

Kafin wannan rana, hoton asibiti duk abu ɗaya ne a wurina. Akwai wanda mu a Nijar muke kira "radiyo", wato hoton ƙashi ko na ƙirji, sunan da ya sa kakata ta rasu tana zaton a wurin aikina ake ɗaukarsa. Akwai sikana, wadda ita ma da irin wannan hasken take aiki, sai dai tana zagaya mutum tana ɗaukarsa yanka-yanka. Akwai eko, ta masu juna biyu, wadda ke aiki da sautin da kunne ba ya iya ji. IRM kuwa daban take da su duka, domin babu wancan hasken a cikinta. Ƙaton mayen ƙarfe ce, maganaɗisu, haɗe da igiyoyin rediyo. Wannan bambancin shi ne ya tsayar da ni a ƙofa, kamar yadda mai karatu zai ji.

Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 660 ce, ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Na sauka a gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Washegari muka tafi a rubuta sunana, domin sai jibi ne ranar ɗaukar hoton. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta miƙo mini takardar tambayoyi. Ko an taɓa sa mini na'urar daidaita bugun zuciya? Ko akwai ƙarfe a ƙashina? Ko harsashi ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga jikina, musamman a ido? Ko ina da juna biyu? Ko ina da ciwon ƙoda? Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina amsa a'a, ina jin daɗi kamar ɗalibar da ta san jarrabawa. Ta karɓi takardar, ta ɗaga ido ta dubi fuskata.

"Madam, jibi ki zo babu waɗannan," ta ce, tana nuna kunnuwana. "Da na hancin. Kada ki sa kwalli, kada ki kama mayafi da fil."

Na ce mata na kunnen ba sa fita.

Ƴan kunnen Inna ne. Ƙananan zobba ne na zinari, marasa wani ado, waɗanda ita ma a wurin uwarta ta gada. Tun ina ƙarama an san ni da yar da kaya: takalmi ƙafa ɗaya a makaranta, ɗankwali a gidan biki. A shekarar da ciwonta ya yi tsanani, wata rana da la'asar ta kira ni, ta cire su daga kunnenta ta sa mini da hannunta, sannan ta aika aka kira maƙeri ya matse bakinsu yadda ba za su ƙara buɗewa ba. Ta ce, "To, in ga ta inda za ki yar da waɗannan." Wata huɗu bayan haka Allah Ya yi mata rasuwa. Shekara 11 ke nan ban taɓa cire su ba. Da su na karɓi takardar shaidar karatun jarida, da su aka kai ni ɗakin miji, da su na haihu. Idan na rikice a tsakiyar shiri, yatsana kan je ya taɓa na hagu ba tare da na sani ba.

Na hancin kuwa matsalarsa akasin wannan ce. Sati 6 kacal da huda shi, saboda bikin ƙanwata, kuma hujin bai gama warkewa ba. Na san idan na cire shi na bar wurin haka, zai iya tsukewa kafin rana ta faɗi. Ga tsohon da ya ƙi buɗewa, ga sabon da ke neman rufewa.

Sai na jawo ɗan ilimin da nake taƙama da shi. Na ce ai mayen ƙarfe ba ya jan zinari. Ta yi murmushi irin na wadda ta ji wannan maganar sau ɗari.

"Gaskiyarki," ta ce. "Tsantsar zinari ba ya jansa, haka azurfa. To wa ya tabbatar miki tsantsa ne? Abin da ake kira karat 18, kashi 75 cikin 100 ne zinari, sauran wasu ƙarafa ne. Karat 21 ma bai kai kashi 90 ba. Kuma ko mun yarda ba zai ja shi ba, saura matsala biyu. Igiyoyin rediyon da muke aikawa suna iya ɗumama ƙarfe, musamman wanda yake rufaffen zobe kamar naki, har ya ƙone fata. Ta biyu, ƙarfe yana ɓata hoton abin da ke kusa da shi, ya bar baƙin tabo ko ya karkata shi. Ramin da jijiyarki ke bi tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, abin da muke nema kuma zai iya zama ƴan milimita. Kin taso tun daga Maraɗi don mu ɗauki hoton ɗan kunne?"

Ban sami amsa ba. Amma a hanyar komawa gida, shaiɗan ya ba ni tasa. Na ce a raina, idan na ɗaura ɗankwali na rufe kunnuwan, na ce na cire, wa zai ɗaga ya duba? Ina faɗin wannan ne da kunya, domin ni ce mai zama a gaban makirfo ina gaya wa mata su riƙa gaya wa likita gaskiya. Na kuma gane a ranar cewa mutane da yawa da ke ɓoye wa ma'aikatan asibiti abu ba jahilci ne ke sa su ba. Wata jigidarta ce take jin nauyin ambata a gaban namiji. Wani layarsa ce da aka ce kada ta taɓa barin jikinsa. Wata haƙorin Makka ne, tana tsoron a ce sai an ciro shi. Ni kuwa uwata ce nake jin kamar za a raba ni da ita karo na biyu.

Bayan sallar isha'i Gwaggo ta ga na ƙi taɓa tuwo. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Ɗiyata, rantsuwa kika yi a kansu?"

Na ce a'a, a zuciyata ne kawai na ɗauki alkawari.

"To saurara. Ni na san uwarki tun kafin a haife ki. Ta matse su ne don kada ki yar da su a hanya. Da tana raye yau, aka ce ko ƴan kunne ko kunne, da haƙoranta za ta ɓalle su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe da sassafe mu tafi wurin maƙeri."

Maƙerin tsoho ne, yana zaune a ƴar rumfa da gilashi a karan hanci. Na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake a buɗe su ba tare da an yanke ba." Ya sa ƴar awartakinsa ya lallaɓa na dama, ya buɗe kamar ba a taɓa matse shi ba. Na hagu ya ɗan ba shi wahala. Da ya fito, ya ɗaga shi sama ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo wani baƙin ƙarfe zagayayye daga ƙarƙashin benci. Na gane shi nan take: mayen ƙarfen da ke bayan lasifikar tsohon rediyo ne. Ya kusantar da na dama, shiru. Ya kusantar da na hagu, sai ga shi ya yi tsalle daga tafin hannunsa ya manne, ƙas!

"Zoben zinari ne mai kyau," in ji shi. "Amma wannan ƴar wayar da ke shiga cikin hujin, gyara ce. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinari."

Gwaggo ta kama haɓa. Ta ce ta tuna. Ya taɓa karyewa a wata shekarar da hatsi ya yi tsada, lokacin da ni da yayyena duka muna makaranta, kuma babu kuɗin da za a gyara shi da zinari. Inna ta ce a sa abin da ya samu, ai babu mai leƙa cikin kunne. Shekara 11 ina ɗauke da wannan labarin a jikina ban sani ba, kuma a daidai kunnen da za a duba. Sai a lokacin na gane dalilin ƙaiƙayin da hujin hagu ke yi mini duk bazara. Da na bi shawarar ɗankwali, da da baƙin ƙarfe zan shiga ɗakin, ina rantsuwa cewa zinari ne.

Kada mai karatu ya ɗauka gwajin maƙeri ya isa hujja. Idan abu ya manne wa mayen ƙarfen lasifika, magana ta ƙare, ba zai shiga ɗakin ba. Idan bai manne ba, wannan bai wanke shi ba, domin ƙarfin na asibiti ya yi wa na lasifika nisa. Yawancin na'urorin IRM ƙarfinsu tesla 1.5 ne ko 3, kuma tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 30,000. A irin waɗannan manyan na'urori ana sanyaya wayoyin da ruwan hiliyom har zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, kuma da zarar an kunna mayen ƙarfen ba a kashe shi. Da dare yana aiki, ranar hutu yana aiki, ko an ɗauke wuta yana nan da ƙarfinsa. Shirun da ɗakin ya yi ba ya nufin yana barci.

Ranar hoton na yi wanka, ban sa kwalli ba, ban shafa komai a fuska ba, domin wasu kayan kwalliyar ido suna ɗauke da ƙurar ƙarfe. Na cire jigidata, wadda maɗaurinta na ƙarfe ne. Ƴan kunnen na ƙulle su a gefen ɗankwali na damƙa wa Gwaggo. Saura na hanci. Gwaggo ta zo da tsinken tsintsiya da ta fere tun da asuba, irin wanda iyayenmu ke sa wa yarinya a huji don kada ya toshe, idan ba a bar zaren da aka huda da shi ba. Ma'aikaciyar ta yi dariya ta ce dabarar tsofaffi daidai take, abin da ake buƙata shi ne wani abu da ba ƙarfe ba ya riƙe ramin, amma hujin da bai warke ba yana son abu mai tsabta. Ta kira wata nas, ta ɓare sabuwar allurar ƙarin ruwa, ta zare ƙarfen ta jefar, ta yanko siririn robar ta zura mini a hancin. Ta ce a ƙasashen da huji ya yawaita ana sayar da irin wannan na roba ko na gilashi musamman don haka, kuma wanda zai iya, gara ya sa shi tun daga gida.

A ƙofar ɗakin aka yi ƴar rigima. Gwaggo ta miƙe za ta bi ni, ma'aikaciyar ta tare ta.

"Ai ba ni za a ɗauka ba, ɗiyata," in ji Gwaggo. "Hannunta kawai zan riƙe."

"Mama, na'urar ba ta san mara lafiya da ɗan rakiya ba. Me ke gefen zanenki?"

Makullai ne guda biyar a ƙulle, da ƴar wuƙar yankan goro. Ga fil biyu a mayafi, ga awarwaro, ga salula a cikin lalita. Gwaggo ta koma kan benci tana mita. A lokacin abin dariya ya ba ni. Dariyar ta ƙare a watan Yulin 2025, ranar da wani labari ya iso teburinmu na labarai daga Long Island a jihar New York ta Amurka. Wani mutum mai shekara 61 ya shiga ɗakin IRM inda aka ɗauki matarsa hoto, yana sanye da sarƙar motsa jiki mai nauyin kusan kilo 9 a wuya. Na'urar ta fizge shi, washegari ya rasu. Shi ma rakiya ya je. Tun a 2001, a wannan jihar, tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe ta taɓa tashi sama ta kashe wani yaro mai shekara 6 yana kwance a cikin na'urar. Da na karanta labarin na Yuli a iska, makullan Gwaggo ne suka tsaya mini a ido.

Cikin na'urar kuwa, rami ne mai tsawo, ga wani abu kamar keji da aka kifa mini a kai. Suka toshe mini kunnuwa, domin ƙararta tana iya wuce desibel 100, kamar ana sassaƙa turmi a cikin kwanyar mutum. Suka ba ni ƴar roba a hannu, suka ce in matsa idan na ji wani wuri ya yi zafi ko na ji ba zan iya ba. Can tsakiya aka fito da ni aka yi mini allurar ruwan da ke ƙara hasken hoto, aka mayar da ni. Wajen minti 30 na yi ban motsa ba. Sau biyu hannuna ya so ya tashi ya taɓa kunnen hagu, na tuna babu komai a wurin, sai na yi wa Inna addu'a a maimakon haka.

Ba a sami tsiro ba, alhamdu lillahi. Jin da ya tafi bai dawo duka ba, ƙarar ma tana nan, mun saba da juna. Yanzu nakan karkata abin sauraro, in jingina da kunnen dama. Likitan ya nuna mini hoton a kwamfuta, jijiyoyin biyu sun fito tas kamar zare a kan baƙin ƙyalle, ya ce hoton ya yi kyau, babu abin da ya shiga tsakani. Wannan kalmar ta fi mini komai, domin da hoton ya ɓaci, da sai na sake biyan kuɗi na sake kwana biyu a mota, ko kuma, abin da ya fi muni, a ce mini lafiya lau alhali tabon ƙarfe ya rufe wurin.

Daga baya na ci karo da wani abu da ya sa ni murmushi. A watan Disambar 1895, Bajamushen nan Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken da ake ɗaukar "radiyo" da shi, ya ɗauki hoton hannun matarsa. A hoton ana ganin ƙasusuwan yatsunta, da wani baƙin dunƙule a kan ɗaya daga cikinsu: zobenta ne. Ashe tun farkon wannan ilimin kayan ado suke tsayawa a gaban abin da likita ke son gani. A radiyo da sikana ƙarfe ba ya tashi sama, yana tare hasken ne kawai, don haka yawanci abin da ke daidai wurin da za a ɗauka ake cirewa, sarƙa idan ƙirji ne, ƴan kunne da ƴan gashi idan kai ne. A eko babu ruwan kowa da awarwaronki. IRM ce ke son a shigo mata babu ƙarfe daga kai har ƙafa, sai abin da ba ya ciruwa, kamar haƙorin Makka ko ƙarfen da aka sa a ƙashi, wanda shi ma dole a faɗe shi, ma'aikata su yanke hukunci.

Da na dawo Maraɗi na ba da wannan labarin a shirin mata. Wayoyi suka yi ta shigowa. Wata ta tambaya game da jigida, wata game da layar ɗanta. Wani mai walda ya ce tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa shekarun baya, ko shi ma ya faɗa? Na ce shi ne ma ya fi kowa buƙatar faɗa, tun kafin ya kusanci ƙofar. Amsar da na riƙa maimaitawa ita ce wadda na koya da ƙyar: ka tambayi irin hoton da za a yi maka tun ranar da aka rubuta takardar, ka bar abin da zai ciru a gida ko a hannun ɗan'uwa, abin da ya ƙi ciruwa ka nemi maƙeri tun kwana biyu kafin ranar, abin da kake jin kunyarsa kuma ka nemi mace ko namiji ɗan'uwanka a cikin ma'aikata ka raɗa masa.

Ƴan kunnen suna kunnena yanzu da nake wannan rubutu. Kafin in baro Yamai na koma wurin Baba maƙeri, ya sa wa na hagu wayar zinari, ya yi musu maɗauri mai buɗewa da rufewa. Ya tambaye ni ko ya jefar da tsohuwar wayar, na ce ya ba ni. Tana cikin ɗan gwangwanin da nake ajiye takardun haihuwar yarana. Ɗiyata ta fari ta fara yar da takalmi ƙafa ɗaya a makaranta, kuma ta riga ta tambaye ni yaushe zan ba ta ƴan kunnen. Na ce mata sai ta girma, kuma ranar ba zan kira maƙeri ya matse su ba.